Yadda ake zaɓen amalanken ɗaukar tukwanen iskar masu nutso

Aikina hidimar masu nutso ne, waɗanda ke shiga ƙarƙashin teku su warware komar da ta naɗe wa jirgi farfela, ko su kankare cikin jirgi, ko su nemo anga da ta tsinke. Ni ba na nutso. Nawa shi ne in kai tukwane wurin ɗura iska, in dawo da su ɗakin ajiya a unguwar Nima da ke Akra, ƙasar Gana, da asuba in fito da su zuwa bakin titi, daga nan mota ta kai mu Jamestown ko tashar masunta ta Tema. Amalankena na farko irin na jan akwatin matafiya ne, mai naɗewa, da 'yan tayoyi kamar marfin kofi. Wata safiya tayar hagu ta faɗa tsakanin katako biyu da aka shimfiɗa a kan kwata, amalanken ya karkace, tukunya cike ta zame daga robar da na ɗaure ta da ita, kanta ya daki siminti. Mariƙin bawul, wato famfon buɗe iska da ke kan tukunyar, ya lanƙwashe, iska ta fara fita da ƙara, yara 'yan makarantar allo kuma suna tsaye kusa da ni. Allah Ya tsare, wuyan bawul ɗin bai karye ba. Tun ranar na daina auna amalanke da nauyin da zai iya ɗauka kawai, na koma duban yadda zai hana tukunya faɗuwa.

Tukunyar nan da kake gani shiru, iskar da ke cikinta a matse take da ƙarfin ba (bar, ma'aunin matsin iska) 200 zuwa 232, wasu har 300. Tayar mota ba 2 da 'yan kai take ɗauka, ke nan tukunya ta ninka ta kusan sau 100. Jikinta yana da kauri, yana jure wa gurzawa. Rauninta a ka yake, wurin bawul ɗin tagulla da aka murɗa a wuyanta. Idan ya ɓalle, tukunyar kan tashi da ƙarfin da zai fasa bangon bulo.

Fara da auna kayanka

Kafin ka taka kasuwa, ɗauko tef da sikeli. Tukunyar da ta fi yawa a hannun mutane ita ce ta alminiyam mai lita 11, wadda ake kira mai 80. Faɗinta milimita 184, tsayinta kamar santimita 66 ban da bawul, nauyinta babu iska kilo 14 da ɗan abu. Mutane kan manta cewa iska ma tana da nauyi: wadda ke cikin wannan tukunya ta kusa kilo 3. Haɗa da bawul, kana da kilo 17 zuwa 18 a tukunya ɗaya. Biyu 36, huɗu sun wuce 70, nauyin babban mutum ke nan. Na ƙarfe masu lita 12 iri biyu ne, doguwa mai faɗin milimita 171 da gajeruwa mai 204. Mai lita 15 ita ma 204 ce, kuma idan ta cika tana wuce kilo 20. Tagwayen da aka haɗa da bututu ɗaya sukan haura kilo 35, kuma faɗinsu ba ya shiga kowane amalanke.

Duba gindi kuma. Ta alminiyam gindinta a shafe yake, tana tsayuwa da kanta. Yawancin na ƙarfe gindinsu kamar ƙwarya ne, sai an sa musu takalmin roba suke tsayawa, kuma takalmin yana ƙara faɗi. Ka auna da takalmin a jiki. Rubuta duka a takarda: faɗi mafi girma, tsayi har ƙarshen bawul, nauyi a cike, da adadin da kake ɗauka a sahu ɗaya. Ƙara da dalmar ɗamara idan kai ke ɗaukarta, don ita kaɗai takan kai kilo 6 ko 8.

Lambar da aka manna a jikin amalanken shago, wai yana ɗaukar kilo 100 ko 150, a kan daɓe mai santsi aka auna ta. Hanyarmu ba haka take ba. Duk faɗawa rami tana ninka nauyin da ke kan sandar taya. Ni dai ƙa'idata, in kayana kilo 40 ne, ba na kallon wanda bai kai 100 ba.

Taka hanyar da ƙafarka

Wannan matakin shi aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke yanke hukunci. Bi hanyar tun daga ƙofar ɗakin ajiya har inda tukunya za ta shiga kwalekwale, da tef a hannu. Auna faɗin ƙofa. Auna lungun da ya fi ƙunci, domin a Nima da Mamobi akwai inda mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Ƙirga dakali da matakala, ka auna wanda ya fi tsayi. Dubi katakon da ke kan kwata: faɗinsa nawa, giɓin da ke tsakaninsu nawa, shin zai ɗauki kai da kilo 40 a lokaci ɗaya? Sannan ka tuna cewa hanyar watan Janairu, lokacin hunturu, ba ita ce ta watan Yuni ba, sa'ad da ruwan Akra ke kwashe ƙasa ya bar duwatsu tsirara.

Ƙarshen hanyar ma ka duba shi. Bakin tashar Tema siminti ne mai jiƙe da ruwan kifi, santsi ne matsalarsa. Inda masunta ke jan kwalekwale a Chorkor ko Osu kuwa rairayi ne mai laushi da ke haɗiye siririyar taya har sanda. Amalanke ɗaya da wuya ya gamsar a wuraren biyu, don haka ka zaɓa wa inda ka fi bi.

Mai taya biyu ko mai huɗu

Idan tukunya ɗaya ko biyu kake ɗauka, nemi mai taya biyu da ake karkatowa, irin na ɗaukar buhu a sito. Yana juyawa a lungu, yana hawa dakali, yana shiga bayan aboboya, wato babur mai taya uku na ɗaukar kaya. Daga uku zuwa sama, ka bar tsayar da su. Nemi shimfiɗaɗɗe mai taya huɗu wanda tukwane za su kwanta a kai, kowace a gurbinta, kamar ƙaramin irin wanda 'yan turi ke amfani da shi a Makola, kuma ka tabbata yana da birki ko a ƙalla katakon tokare taya. Baro kam a'a. Taya ɗaya gare shi, cikinsa a gangare yake, tukwane suna gungurawa su daki juna, kuma da zarar hannu ɗaya ya gaji sai ya kife.

Akwai masu taya uku-uku a kowane gefe da ake tallatawa don hawa bene. A kan matakalar siminti mai daidai suna aiki, amma tayoyin ƙanana ne, rairayi da tsakuwa suna kashe su. Na wasan golf da ake samu cikin tsofaffin kayan waje an yi su ne don jakar da ba ta kai nauyin tukunya biyu ba, kuma gaɓoɓinsu roba ce.

Taya, inda kuɗinka ya kamata ya tafi

Taya ba ta hawa abin da tsayinsa ya kai rabin faɗinta, kuma tun kafin a kai nan take fara gardama. Taya mai inci 5 tana tsayawa cak a gaban dutsen da mai inci 10 za ta haye ba ka ji ba. Don haka kada ka yi ƙasa da inci 10, wato santimita 25. Wadda aka fi samu a kasuwa an rubuta 4.10/3.50-4 a gefenta, kuma alherinta shi ne kowane mai faci ya san ta, tiyub ɗinta ma ba ya wuyar samu.

Iri uku za a nuna maka. Mai iska tana shanye girgiza, tana da sauƙin turi a kan tsakuwa, sai dai ƙusa da ƙayar kifi da fasasshen kwalba suna huda ta, kuma idan ɗaya ta sace alhali ɗaya na cike, amalanken zai karkata da kaya a kai. Wannan karkatar ita ce haɗarin. Ta roba zalla ba ta faci, amma duk dukan da hanya ta yi mata sai ta miƙa wa tukunya da wuyan hannunka. Ta uku ita ce mai cike da soso mai tauri, kamanninta na mai iska amma babu iska a ciki. Ita nake zaɓa wa mai bin lungu da siminti. Aibinta ɗaya: in ka bar kaya a kanta kwana da kwanaki, gefen da ya taɓa ƙasa yakan lotsa.

Rairayi kuwa nasa daban ne. Faɗi yake so da laushi. Akwai tayoyin balan-balan da ake hura wa iska kaɗan ƙwarai, suna shimfiɗuwa a kan yashi kamar tafin raƙumi, irin na kamfanin Wheeleez. Suna da tsada, sai an yi oda, kuma ƙarfen bakin kwata yana yaga su. Wanda bai da halinsu ya nemi tayar baro mai faɗi guda biyu, ya ɗan rage musu iska in ya iso bakin teku, sannan ya ja amalanken ta baya maimakon turawa. Taya da ake ja tana hawowa kan yashi, wadda ake turawa nutsewa take yi.

Juya tayar ka duba cikinta. Kwanon ƙarfe mai fenti yana tsatsa tun daga inda tiyub ke kwanciya, ya ci shi ta ciki. Na roba mai kauri ya fi dacewa da ruwan gishiri. Boris buɗaɗɗe wanda kake ganin ƙwallayensa ba zai ga ƙarshen damina ba. Nemi rufaffe ta gefe biyu, wanda lambarsa ta ƙare da 2RS, kamar 6204 da ke shiga sanda mai milimita 20. A Abossey Okai, nan kusa da Sabon Zongo, za ka same shi, kuma ka sayi biyu na ajiya tun yanzu. Mai shiga rairayi kullum ma gara ya bar boris gaba ɗaya, ya sa bushin roba mai tauri: ya fi nauyin turi kaɗan, amma ba ya cijewa. Sandar taya ta zama ƙarfe cikakke, ba bututu ba, milimita 20 ga tukunya biyu, guda ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, kuma a huda bakinta a sa fil mai lanƙwasa. Noti kaɗai girgiza tana kwance shi.

Gurbi, maɗauri da kariyar bawul

Amalanken buhu bayansa a shafe yake, tukunya kuwa da'ira ce, don haka a layi ɗaya tak take taɓa shi, tana iya murginawa hagu ko dama komai ƙarfin ɗaurin. Dole ne a sami gurbi mai lanƙwasa ko mai siffar bakin almakashi da za ta zauna a ciki, sama da ƙasa. Hanya mai araha ita ce ka sayi bututun roba mai kauri na inci 8, a tsaga shi biyu a tsaye, a ɗaure shi da noti a jikin amalanken, kawunan notin a binne. Mai 80 tana zama a ciki daram. Masu milimita 204 sai bututun da ya fi wannan girma. Duk inda ƙarfe zai taɓa tukunya a rufe shi da roba ko tsohon tiyo. Dalili biyu ne: ƙarfe yana kankare fenti, kuma alminiyam da ƙarfe idan suka haɗu da ruwan gishiri a tsakaninsu, alminiyam ɗin ne ke cinyewa, ya yi 'yan ramuka. Rami mai zurfi yana sa mai duba tukunya ya ƙi ta, ka yi asarar abin da ya fi amalanken tsada nesa ba kusa ba.

Farantin ƙasa ya ɗauki gindin tukunya duka, ya kasance da ɗan baki a gaba don kada ta zame, da huji don ruwa ya tsiyaye.

Maɗauri biyu kowace tukunya ke buƙata: ɗaya a ƙasan kafaɗa, ɗaya kusa da gindi. Kada a ɗaure ta wuya, kada a rataya komai a bawul. Robar tsohon tiyub da muka saba ɗaure kaya da ita a bayan babur ita ce ta ci amanata ranar nan. Tana miƙewa daidai lokacin da ake son ta riƙe, rana kuma tana busar da ita ta tsinke ba sallama. Yi amfani da bel mai saƙa, faɗin inci 1 da rabi ko 2, da maƙalli wanda ba ya tsatsa. Sarƙa ma tana yi, muddin an zura ta cikin tiyo kuma tana matsewa sosai. Bel ɗin ya kasance a ɗinke ko a ɗaure a jikin amalanken, don wanda ake cirewa wata rana a gida za a manta da shi.

Yanzu ga abin da na fi damuwa da shi. Jikin amalanken ya fi kan bawul tsayi, kuma ya kewaye shi, ta yadda duk ta inda ya faɗi ƙarfe ne zai fara taɓa ƙasa. Mai 80 da bawul ɗinta tana kai santimita 75, don haka ƙarfen kariya ya wuce nan da a ƙalla faɗin tafi. Ga yadda ake gwadawa: ɗaure tukunya marar iska, ka kwantar da amalanken a hankali ta baya, ta dama, ta hagu, ta gaba. Duk kwanciyar da bawul ya taɓa ƙasa, ko ya rage ƙasa da yatsu uku, akwai gyara. Yawancin na shago suna cin jarrabawar baya su faɗi ta gaba. Maganinsa a lanƙwasa bututu kamar baka a walda shi a sama ya leƙo gaba.

Mariƙi ya zo maka tsakanin cibiya da ƙirji idan amalanken yana tsaye, kamar santimita 110 zuwa 125. Gajere yana karya baya, kuma yana dukan dunduniya in kana ja. Mariƙi mai zagaye ɗaya ya fi ƙaho biyu, don kana iya riƙe shi da hannu ɗaya ka buɗe ƙofa da ɗayan.

Saye ko ƙira

Na shago mai kyau yana nan, sai dai kusan kullum sai ka kai shi an ƙara masa gurbi da kariya. Shi ya sa na fi son a ƙera mini daga farko. Masu walda na Kokompe da na cikin zangonninmu sun iya, in dai ka je musu da awo. Baƙin ƙarfe mai fenti shi ne mafi araha, amma iskar teku ba ta raga masa. Bututun ruwa mai rufin zinki, inci 1 ko uku bisa huɗu, shi ne tsaka-tsakin da nake ba da shawara. Wuta tana ƙone zinkin a wurin walda, don haka a goge mahaɗan a shafa musu fenti mai zinki, kuma a yi waldar a fili saboda hayaƙinsa yana sa zazzaɓi. Ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316 ya fi 304 jure wa gishiri, amma tsadarsa sai mai kamfani. Alminiyam ba shi da nauyi, sai dai yana tsagewa a mahaɗa, masu iya waldarsa kuma ba su da yawa.

Kada ka kai wa mai walda tukunya don ya auna a jiki. Na taɓa ganin wanda ya ce wa yaro, "Kawo ta nan mu ɗora mu ɗiga walda, minti ɗaya ne." Na ce masa, "Masta, don Allah a yi haƙuri, wannan ko babu iska ba ta kusantar wuta." Tartsatsin walda ɗaya a jikinta ya isa ya kashe ta, kuma alminiyam idan ya sha zafin da ya kai digiri 175 yana rasa ƙarfinsa ba tare da ido ya ga alama ba. Kai masa guntun bututun roba mai faɗin tukunyar, ko kwali da ka yanka da'ira, tare da sanda mai tsayinta. Roƙe shi ya sa tayoyin a waje da faɗin tukwane, gwargwadon abin da ƙofarka za ta bari, yawanci santimita 55 zuwa 65 gaba ɗaya ga mai ɗaukar biyu. Ya huda ƙasan kowane bututu don ruwa ya fita, ko ya toshe bakunan gaba ɗaya.

Kafin ka biya cikon kuɗi, gwada da nauyi. Galan ɗin Kufuor, wato jarkar robar ɗiban ruwa, mai lita 20 idan ya cika da ruwa kilo 20 ne, kusan tukunya guda. Ɗaure biyu ko uku, ka karkato amalanken. In an sa sandar taya a wurinta, akwai inda za ka ji nauyin ya bar hannunka ya koma kan taya, har kana iya riƙewa da yatsu. In a wurin sai ka sunkuya, ko kuwa babu wurin sam, a matsar da sandar. Sauke shi daga dakali sau da yawa, ka dawo ka duba mahaɗai da sanda ko wani abu ya lanƙwashe. Tsayar da shi da kayan ka sake shi, ka ɗan ture shi ta gefe da gwiwa. Wanda ya yi rawa a gaban mai shi, a lungu faɗuwa zai yi.

A kan hanya

Cire regileta, wato abin shaƙar iska da ake ɗaurawa a bawul, kafin ka ɗora tukunya, ka rufe bakin bawul da marfinsa ko da tef, don ƙura da kuma zoben robar da ke faɗuwa. Kwata da dakali da baya ake haye su, tayoyi biyu a lokaci ɗaya, kana sama kaya na ƙasa. A gangara kada ka tsaya a gaban kaya. In za a shiga aboboya ko bayan mota, sauke tukwanen daga amalanke, ka kwantar da su, a tokare da katako don kada su gungura, gindi yana duban gaba saboda birkin gaggawa. Rufa musu buhu ko tamfol. Tukunyar da aka cika ba 200 a zafin digiri 30, idan ta kai 60 a cikin rufaffiyar mota, tana ƙara kusan ba 20.

Masu ɗaukar tukunyar da aka ƙara wa iskar oksijin, da masu manyan tukwanen lita 50 na walda da asibiti waɗanda nauyinsu ke wuce kilo 60, su kiyaye mai da giris. Hannun da ya shafa wa boris giris kada ya taɓa bakin bawul sai an wanke shi, domin oksijin mai matsi da maiƙo wuta suke haifarwa. Manyan nan kuma ba a motsa su sai hular ƙarfensu tana kai, kuma amalankensu daban ne, dogo mai sarƙa da ƙarin tayar tallafi a baya.

Duk ranar da amalanke ya taɓa ruwan teku, a ɗauraye shi da ruwan famfo kafin a shiga gida, musamman cikin taya da ƙarƙashin roba inda gishiri ke ɓuya. Bokiti ɗaya ya isa. Ni ranar Juma'a da safe, kafin in yi shirin masallaci, nake kifar da nawa: in juya kowace taya in saurari ƙararta, in ja bel in duba ɗinki, in taɓa fil biyun nan da yatsa, in kuma bi mahaɗan walda da ido ko jan layin tsatsa ya fito, don nan ne tsagewa ke farawa.